Ƙudan Delfina

Shekara ashirin da shida Belarmino na sauka
can ƙarƙashin kwarin Turon.
Kejin ƙarfe ya haɗiye shi da asuba,
ya amayo shi da la'asar baƙi wuluk,
haƙora da fararen idanu kaɗai ke shaidar mutum ne.

Ran da aka rufe ramin kwal
takarda aka miƙa masa, da musafaha.
Ya rataye fitilar goshi a ƙusar bayan ƙofa.
Shi ya fito daga duhu, duhun bai fita daga shi ba,
ya tare a ƙirjinsa kamar ɗan haya
da ba ya biya, ba ya tashi.

Shekara biyu a bakin tagar shagon Nicanor
yana ƙirga motocin da ke kwashe samari zuwa Madrid.
Ruwan sama ya yi laifi. Hukuma ta yi laifi.
Miyar wake ta yi gishiri.
Matarsa Olvido ta yi shiru, shirun ma ya yi laifi.
Ya sake fentin ɗaki, ya aske gashin baki,
har unguwa ya sake.
Wanda ya wanke bayan tulu kawai
ai ruwan jiya zai sha.

Sai ga saƙon Delfina, tsohuwar kan tudu
mai amya goma sha ɗaya da gwiwar da ta ƙi ta:
"Ba tausayinka nake ji ba. Ƙafa nake nema."

Ranar farko ya ɗaga murfi kamar mai fasa dutse.
Harbi tara: wuya, tsintsiyar hannu, ƙasan ido.
Ya zagi ƙudan, ya zagi tudun,
ya zagi wanda ya fara haƙa rami a duniya.
Tana kan kututture tana feraye tuffa, ko kai ba ta ɗaga ba.
"Hayaƙin da ka hura musu
bai kai wanda ka hawo da shi ba.
Ba sa jin magana, hannu suke karantawa,
hannu kuwa ɗan aiken zuciya ne."

Daren nan ido ya kumbura, barci ya ƙi.
Ya sauko da fitilar, ya goge ƙurarta da bakin riga,
sai Avelino ya faɗo masa,
Avelino mai fito, wanda rufin rami ya danne
yana da sauran rabin burodi a aljihu.
Me Avelino ba zai bayar ba
don ya sami wannan ruwan saman a fuska,
wannan miyar, da gishirinta duka?
Ashe ni aka fiddo da rai,
na koma na binne kaina, ba mai tilasta ni.

Gari bai waye da wani abin mamaki ba.
Harbi bakwai. Mako na gaba, huɗu.
Wata Laraba ya huce a kan mai kawo gas, ya hau tudu, goma sha biyu.
Sai ya koyi tsayawa a ƙofar shinge,
ya sauke abin da ke ƙirji kamar buhu,
ya ja numfashi har kafaɗa ta kwanta,
sannan ya shiga.

A watan takwas suka hau bayan hannunsa,
suka zaga tabon kwal mai shuɗi-shuɗi,
suka tashi abinsu.

Ramin na nan a rufe.
Tarin asuba na nan, samari na tafiya har yau.
Amma jiya ya ajiye kwalba a gaban Olvido,
ta tsoma cokali, ta ɗaga shi saitin taga,
ta ce ta cika duhu, zumar bana.
Ya ji tsohuwar amsa ta taso har maƙogwaro.
Ya bar ta ta wuce.
Ya ce, "Ɗanɗana dai."